Shirwar Dogo-Dogo da Parmin Laminu

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai ni, shi ya maido ni gida da ƙafafuna.

Tun da na dawo daga Afirka ta Kudu ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a wurin mai shayi, har a wurin zaman makoki wani ya matso kusa da ni ya ce, “Malam Ilu, wai da gaske ne can mata ke tuƙa jirgi?” Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa guntu nake ba shi, ina riƙe guntu. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya da ajami, yadda hannuna ya saba, ƴata Saratu ta juya shi zuwa boko. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san mu ba, muna da ƙungiya ta masu tashi da jirgi marar inji. A takardar gwamnati ƙungiyar ƙasa baki ɗaya ce. A zahiri mu goma sha bakwai ne, jirginmu ɗaya, filinmu wani fako ne tsakanin Dungas da Dogo-Dogo inda ko ƙaya ba ta son fitowa. Jirgin fari ne, mai dogayen fukafukai, mutum biyu yake ɗauka. Injin wata tsohuwar mota ke fizgar sa sama da igiyar ƙarfe, in ya kai sai ya saki igiyar, ya shiga neman iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, yana kewayawa a cikinta. Mutanen ƙauye Shirwa suke ce masa, mu ma muka bi su. Alhaji Mamman, wanda ya tsufa a aikin gyaran jirage, shi ya samo shi kyauta daga wasu abokansa na waje, shi ne parzidan, shugaban ƙungiya. Hajiya Zuwaira, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ita ke riƙe da kuɗi. Ni da na ƙare aikina ina auna ruwan sama da iska a meteyo, aka ba ni sakatare. Babban aikina ɗaya ne. Duk ranar da za a tashi, ana gobe in kira hasumiyar filin jirgin Damagaram in ce daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza Shirwa na sama, don su kawar da sauran jirage daga wajen.

Da idon Alhaji ya yi rauni, tuƙi ya koma hannun Laminu, mai gyaran injin rijiyoyi a Dogo-Dogo, magidanci mai ƴaƴa uku. Shanun nomansa biyu ya sayar ya je ya yi karatun tuƙi ya samo parmi, takardar izinin tuƙi. A hannuna ya sauke Alƙur'ani yana yaro. A kakar bara, wata Laraba, ya kira ni a salula ya ce, “Malam, gobe za mu tashi, bayan azahar zuwa la'asar.” Haka muka saba magana. Shekara shida Alhaji haka yake faɗa mini, ni kuma in juya shi zuwa lamba, biyu da rabi zuwa huɗu da rabi, don ni da Alhaji masallacinmu sai zafin rana ya karye ake azahar. Laminu kuwa masallacin da yake bi da zarar rana ta goce daga tsaka ake yi, wajen ƙarfe ɗaya. Na san haka, na sha yi masa tsiya a kai. Amma ranar ban tuna ba, ban tambaye shi ba, na ba hasumiya lambar da na saba.

Ƙarfe ɗaya da kwata ya tashi. Kafin biyu, jirgin feshin fara, wanda aka gaya wa hanya a buɗe take, ya ratsa ta ƙarƙashinsa, kusa har Laminu ya ga launin hular matuƙin. Allah ne kawai ya tsare.

Rahoton farko da na rubuta ba ƙarya a cikinsa ko ɗaya: an ba da sanarwar biyu da rabi, matuƙi ya tashi ɗaya da kwata. Ban ƙara komai ba. Hukuma ta karɓe parmin Laminu, ta dakatar da tashinmu, ta ce sai ƙungiya ta sami wanda ya yi karatun kiyaye haɗari. Shi zai rubuta rahoton ƙarshe, a kansa za a yanke ko a mayar wa Laminu parminsa ko a soke shi har abada. A taronmu Laminu ya ce sau ɗaya, “Ai bayan azahar na ce, Malam.” Alhaji ya daka masa tsawa, ya sunkuyar da kai. Da aka zo zaɓen wanda zai je karatun, duk suka nuna ni. Na karɓa.

A Afirka ta Kudu ake karatun. Masu masaukin su suka biya jirgi da wurin kwana. Mota da biza da guzuri namu ne. Hajiya ta buɗe akwatinta a gaban kowa, ba komai sai takardu, don kuɗin asiransin Shirwa, wato inshora, wanda dole a biya ko tana tashi ko tana kwance, ya riga ya cinye na shekara. Aka yi karo-karo, wani jika biyar, wani dala ɗari huɗu. Laminu ya kawo jika goma. Na ce ya bari, yana da iyali. Ya ce, “Haba Malam, ai don ni za a yi wahalar.” Hajiya ta ƙara mini da kilishi ƙunshi biyu da garin kuka.

Na bar Magariya bayan sallar asuba, a motar Kano. Mu tara a wurin mutum bakwai. Wata ƴar kasuwa mai buhunan zoɓo da ke kusa da ni ta dubi jakata ta ce, “Baba, Makka za a koma?”

Na ce, “Karatu za ni.”

“Da wannan furfurar? Karatun me?”

“Na jirgi marar inji.”

Direba bai ko waiwayo ba ya ce, “To Malam ai ka iso makaranta. Wannan ma in ta tsaya sai an tura.”

Gaskiya ya faɗa. A Tinkim muka tura ta sau biyu.

A iyaka, namu suka buga hatimi ba magana. A ɗaya ɓangaren wani ma'aikaci matashi ya zazzage jakata, ya ci karo da littafin da nake rubuta al'amuran ƙungiya. Ya ga ajami ya ja hannunsa baya.

“Baba, wannan ba asiri ba ne?”

“Lissafin iska ne, ɗana.”

Ashe ya yi allo. Ya buɗe tsakiya, ya sa yatsa yana bin baƙi a hankali, da murnar bai manta ba. “Al-ha-mis. Bayan azahar zuwa la'asar. La-mi-nu.” Ya ɗago yana dariya. “Ɗaurin aure ne?”

Na ce, “Alkawari ne dai.”

A cikin shafi fiye da ɗari, nan yatsansa ya faɗa. Ya roƙi in yi masa addu'ar ƙarin girma, na yi masa, bakina na motsi, hankalina na wani wuri.

A Kano na sauka gidan ɗan ƙanwata. Na canza sefa aka miƙo mini naira dami guda har na ji kamar na yi arziki, kafin magariba mai keke-napep da mai hoto da mai ɗaure jaka sun raba ta. Daga nan jirgi. Ban da abin faɗa a kansa sai kumburin ƙafa. Mun sauka a ƙasar Habasha muka zauna awa bakwai a kan kujerun ƙarfe, muka sake hawa wani. Abinci a ɗan faranti kamar na wasan yara, komai a naɗe, kafin ka gama kwancewa sun zo karɓa.

A filin jirgin Johannasbag wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata, ya ƙi tashi. Matar da ke riƙe da shi ta buɗe, ta fito da kilishin Hajiya. Da ladabi ta nuna mini hoto a bango, ba a shiga ƙasarsu da nama. Na ce mata da hannu ta bari in ci a nan tsaye, ta girgiza kai. Garin kuka kuwa mutum uku suka taru a kansa, suka shinshina, ɗaya ya yi atishawa, suka mayar mini. Haka na shiga ƙasar mutane da miya ba nama, ina tunanin sau nawa zan wanke jakar.

Daga nan babbar mota, awa shida. Ƙasa shimfiɗe kamar tamu, busasshiya, amma ba mutane. Ka yi tafiyar Magariya zuwa Sassumbrum ba ka ga ko mai jaki ɗaya da za ka ɗaga wa hannu ba, sai shingen waya da tumaki. Inda aka sauke ni wani baƙin mutum kakkaura yana jira da takarda mai sunana a juye. Didiye ke nan, mutumin Kongo, mai gyaran jiragen filin. Shi kaɗai ke jin faransanci a wurin, ni kuwa ba na jin harshensu, shi ya zama kunnena da bakina mako uku. Papa yake ce mini.

Ɗakina na jikin rumfar jirage, gado mai hawa biyu, na sama wani ɗalibi ne daga Madagaska mai minshari kamar injin niƙa. Ba buta a makewayi, sai da na samo gorar ruwa na huda murfinta. Da yamma aka hura wuta a waje, maza suka tsaya suna gasa nama, ga tuwon masara fari fat a tukunya, ba miya. Na sami kujera na zauna ina jiran a ce bismilla. Kowa ya zo ya ɗauki farantinsa ya zuba ya wuce ta gabana, har da murmushi. Aka cinye aka wanke tukunya. Da safe Didiye ya ji labari ya riƙe kai.

“Papa, nan ba a kira. Ɗauka ake.”

“Ko baƙo?”

“Musamman baƙo. In sun zuba maka, gani suke sun takura ka.”

Na ce to, Allah ya kyauta. A gidanmu wanda ya ci a gaban baƙo bai kira shi ba, sai jikokinsa sun ji labari.

Didiye ya kai ni cikin gari wurin wani mai kanti Musulmi, asalinsu Indiya, in sayi naman da aka yanka. Lokacin sallah ya yi ina kantin, ya shimfiɗa mini darduma, na juya ta gabas yadda na yi kwana uku ina yi. Ya kama kafaɗuna ya juya ni kusan arewa. Na yi gardama, ya fito da taswira. Ashe na yi nisa kudu har Makka ta koma samana. Na san hukuncin wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure alƙibla, amma zuciyata ba ta kwanta ba sai da na rama sallolin duka.

Mai koyar da mu Madam Elsa ce, tsohuwar Baturiya, ta girme ni, rana ta ƙone mata fata, murya kamar ta mai shela a kasuwa. Jiragen filinsu na fara ƙirgawa na bari. Ranar darasin kuɗi ta nuna mana yadda kowane minti a sama ake biyan sa, kuma kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa shi, ana ajiye shi don ranar da fiffike zai karye. Ta bi mu ɗaya-ɗaya tana tambayar nawa ƙungiyarku ta ajiye. Da ta zo kaina na ce wa Didiye ya gaya mata mun dogara ga Allah. Ta yi dariya ta ce madalla, ita ma haka, amma mai sayar da igiyar ƙarfe kuɗi yake karɓa.

Sai darasin lokaci. Agogo ɗaya duk jiragen duniya ke bi, yana bayan namu na gida da awa ɗaya. Wannan na sani tun ina meteyo. Abin da ban saba ba shi ne maimaitawa. Duk wanda aka faɗa wa lokaci, ko tsawo, ko hanya, dole ya mayar da shi lamba-lamba ga wanda ya faɗa, shi kuma ya ce daidai ne. Ko matarka ce, ko ubanka ne. Kwana biyu muna wannan da rediyon hannu kamar ƴan aji ɗaya, har harshena ya gaji.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan shi ne taron safe. Ƙarfe tara ake buga wani guntun ƙarfe, kowa ya hallara a rumfa, a faɗi yanayin iska. Daga nan a yi shiru, duk wanda ya yi kuskure jiya ya tashi ya faɗa da bakinsa. Ranar farko wadda ta fara tashi Madam Elsa ce. Ta ce jiya ta tashi ba ta taɓa ƙugiyar igiya da hannunta ba, ta amince da idonta kawai. Ta zauna. Wani attajiri mai jirgin kansa ya tashi ya ce ya shiga kewayawa ta hagu alhali waɗanda ya tarar suna bin dama. Wata yarinya sa'ar jikarsa ta ce ba sau ɗaya ba, sau biyu. Ya ce haka ne, sau biyu. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce Allah ya kiyaye gaba. Aka rubuta a littafi ba suna, aka watse.

Na ja Didiye gefe. “Mutanen nan ba su da kunya ne?”

“Suna da ita, Papa. Ba ka ga kunnen Madam Elsa ya yi ja ba?” Ya nuna mini bayan rumfa da haɓarsa. “Akwai allon ƙarfe can, da sunayen waɗanda suka mutu a filin nan. Duk ta san su. Biyu ita ta koya musu.”

A wurinmu in dattijo ya yi kuskure, yaro ne ke sunkuyar da kai. Ladabi muke ce masa, kuma ladabi ne. A cikinsa na girma, ban raina shi ba har gobe. Amma tun daga ranar, duk safiyar da aka buga ƙarfen nan sai maganar Laminu ta faɗo mini a rai.

A mako na biyu Madam Elsa ta ɗauke ni sama. Kada wanda ya tambaye ni kyan ƙasar daga can, rabin lokacin kaina na cikin leda. Da na ɗan farfaɗo ta ce in nemo mata wani jirgi da suka shirya da shi ta rediyo. Na duba ban ga komai ba. Ta nuna. Wani ɗan zare ne fari a gefen gajimare, kamar gashi a kan riga. Kafin in ja numfashi huɗu ya zama jirgi sosai, ya wuce ta ƙasanmu da nisan da suka yarda da shi, na ga kan mutum a ciki. Wannan marar inji ne, a hankali yake tafiya, kuma muna jiran sa. Na tuna Laminu shi kaɗai a sama, ba wanda ya ce masa ga wani nan tafe.

Ana jibi za mu taso, aka ce kowane ɗalibi ya kawo wani abin da ya taɓa faruwa a ƙasarsu a tattauna. Na tashi na karanta nawa yadda yake a rahoto. Didiye na juyawa. Madam Elsa ta rubuta lambobin biyu a allo, ta ja baya tana kallonsu.

“Awa ɗaya da kwata,” in ji ta. “Mai gaggawa minti goma yake ci. Wannan ba gaggawa ba ce. Wa ya ba hasumiya lokaci?”

“Ni.”

“Wa ya ba ka?”

“Matuƙin.”

“Da wace kalma ya faɗa? Faɗa mini yadda ya faɗa.”

Ɗaliban nan goma suna kallona, fanka na juyawa. Ba ta matsa mini ba, ta jingina da tebur kawai. Didiye ya sunkuyo ya ce a hankali, “Papa, me zan ce mata?”

Na gaya masa. Na yi bayanin azahar, da masallatai biyu, da cewa na sani. Ya daɗe yana juyawa, don sai da ya fara da mene ne azahar. Da ya gama ba ta ce mini komai a kan laifi ba. Ta goge allon ta ce wannan shi ne darasi mafi amfani da aka kawo a makon, a ƙasarsu ma manoma kan ce bayan abincin rana. Sai ta tambaya, “Matuƙin yana tashi yanzu?”

Na ce a'a, parminsa na hannun hukuma.

“Wa zai rubuta rahoton ƙarshe?”

Na ce ni.

Ta dube ni, ta ce, “To,” ta kira na gaba.

Dawowa ba abin da zan ce sai gajiya. Jakata ta kwana biyu a Habasha ba ni, na jira ta a Kano da riga ɗaya. Motar Magariya wata ce daban, amma ita ma mun tura. Kwana uku gidana cike da masu barka da zuwa, kowa na son ganin takardar shaidar da aka ba ni mai hatimin zinariya. Ta bi hannu-hannu har ta yi dauɗa.

Ranar Asabar muka taru a fako, ƙarƙashin rumfar da Shirwa ke kwance a lulluɓe. Alhaji ya buɗe da addu'a, ya ce yanzu sai a rubuta rahoto a roƙi hukuma ta sassauta wa yaron nan, ta bar mu mu tashi. Na ce ina da magana. Na tashi tsaye, abin da ba mu saba ba, don a zaune muke taro. Na faɗa musu yadda aka yi tun daga kiran salula.

Alhaji bai bari na kai ƙarshe ba. “Malam Ilu, gajiyar hanya ce ke magana. Zauna ka sha ruwa. An rufe maganar nan tun bara.”

“A kan Laminu aka rufe ta, Alhaji.”

“Yaro ne, zai jure. Kai fa? Da wane ido za ka shiga masallaci?”

Hajiya ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Ita ba ta ɗaga murya. “Malam, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ka san abin da wannan zai ja? In laifin matuƙi ne, mutum ɗaya aka hukunta. In laifin tsarin ƙungiya ne, masu asiransi za su ƙara mana, hukuma za ta ce mu sake komai daga farko. Ni ce ke riƙe da akwatin, na san abin da ke ciki.”

Wani daga baya ya ce, “Mun yi karo-karo ka samo mana takardar tashi, ka dawo mana da takardar zama.”

Aka yi dariya kaɗan, marar daɗi. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Na ce musu rahoton hannuna zai rubuta, sunana zai hau, kuma abin da na faɗa shi zan sa. Laminu na zaune a bakin rumfa yana tona ƙasa da tsinke, bai ɗago ba har aka tashi.

Rahoton na buƙatar sa hannun parzidan. Kwana tara Alhaji bai ɗauki kirana ba. Ran na goma, ranar kasuwa, ya tsaya a ƙofar gidana, bai shiga ba. Na fito da takardar, ya ɗora ta a kan sirdin moto, babur ɗin da ya kawo shi, ya sa hannu, ya ce, “Shekara arba'in muna tare, ban san kana da taurin kai haka ba.” Ya hau bayan mai moton suka tafi.

Amsa ta zo bayan wata biyu. An mayar wa Laminu parminsa ba tabo. An ƙara mana dakatarwa har sai mun rubuta ƙa'idojinmu an duba, wato bazarar bana, lokacin da iska ta fi ɗaukar Shirwa, ta wuce mu. An ce kiran hasumiya ya bar hannuna, yanzu Hajiya ke da shi. Asiransi ya hau kamar yadda ta faɗa. Mutum uku sun bar ƙungiya, ɗaya ya nemi a mayar masa da karo-karonsa. Takardata mai hatimin zinariya tana cikin akwati tare da takardun gona.

Laminu bai zo barka da zuwa ba a cikin masu zuwa, sai bayan da amsar ta iso. Ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, aka kawo fura. Ya tambaye ni hanya, da abincinsu, da ko jiragensu sun fi Shirwa tsawon fiffike. Na ba shi labari kamar kowa. Da zai tafi na raka shi ƙofa. Ya tayar da moto, sai ya kashe, yana kallon ƙasa.

“Malam, da ka bari ma, wallahi ni ba zan taɓa faɗa ba.”

Na ce, “Na sani, Laminu. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.”

Ya sake tayar da moton, ya ce a gaida gida, ya kama hanyar Dogo-Dogo tun rana ba ta faɗi ba.

Iyakar abin da na gani ke nan, da abin da na dawo da shi. Inda na yi daidai Allah ne ya nufa, inda na kuskure ni ne, ya yafe mini.